Waya da Kasuwa: Idan Manhajar Imel Ta Riƙa Koro Ka Waje

 

Tun bayan fitowarmu ta ƙarshe saƙonni suke shigowa wannan fili a kan abu guda. Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Kwatano, wata Hajiya mai harkar atamfa ta aiko da murya daga Ngaoundéré, ga kuma na nan unguwarmu da ba sa rubutu, sai dai su tare mutum bayan La'asar su miƙo masa waya. Kukan dai ɗaya ne: ka taɓa Gmail ko Yahoo, ya buɗe, kafin ka ƙifta ido ya rufe ya mayar da kai fuskar waya. Ka sake taɓawa, ya sake koro ka. Wani lokaci ma har da ɗan rubutu na Faransanci ko Turanci cewa manhajar ta tsaya.

Wanda ba ya harkar kaya zai ce ai ƙaramin abu ne, ba ga WhatsApp ba? To, ciniki kam a WhatsApp muke yin sa. Amma takarda ba ta bin nan. Ga waɗanda ba su san mu ba, ina rubutu ne daga Titin Koudoukou a Kilomita Biyar, wato PK5 ta Bangui, inda babbar kasuwa da Babban Masallaci suke. Ƙasar nan ba ta da teku. Kwantenarmu a Douala take sauka, ta hau mota ta biyo Garoua-Boulaï, ta tsaya wa 'yan duwan a Béloko, tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ta iso. Takardar lodin jirgi, rasit ɗin kamfani daga Guangzhou ko Dubai, sanarwar banki, tikitin jirgin sama, amsar ofishin jakadanci a kan biza, duk ta imel suke zuwa. Mai fito maka da kaya a Douala ya ce turo takarda kaza yau, kai kuma akwatinka ya ƙi buɗuwa, kuɗin jinkiri a tashar ruwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa mutum yake rikicewa ya nufi teburin mai gyara na farko da ya gani a bakin titi ya ce a yi mata duk abin da za a yi.

Nan ne nake so mu ɗan ja birki.

Wasiƙunka ba a cikin wayar suke ba. Suna can a manyan kwamfutocin kamfanin da ya ba ka akwatin, Google ne ko Yahoo ko Microsoft. Ka ɗauka sito ne, manhajar da ke wayarka kuma yaron shago ne da kake aika ya ɗauko maka. In yaro ya kwanta ciwo, kayan sito suna nan ba abin da ya same su, wani yaron za ka aika. Abin da zai raba ka da kayan shi ne ɓatan makulli. Makullin nan kuwa haƙora uku gare shi: adireshin imel ɗin, kalmar sirri, da layin wayar da aka ɗaura wa akwatin ranar da aka buɗe shi. A abin da nake gani a unguwar nan, mutuwar manhaja ba ta cika cinye wa mutum akwati ba. Gyaran ne yake cinyewa.

Kwanakin baya wani dattijo mai sayar da kayan gini ya kira ni shagonsa. Wayarsa ta yi kwana biyu tana wannan hali, sai ya ba wani yaro mai gyara, yaron ya yi mata abin da suke ce wa falashin, wato ya wanke ta tas ta koma kamar sabuwa. Da aka kunna, sai ta ce ba za ta wuce ba sai an saka mata imel da kalmar sirrin da ke kanta a da. Wannan kariya ce da aka sa wa wayoyin Android tun 2015 saboda ɓarayi, kuma ba ta san mai waya ba, kalmar kawai ta sani.

Na ce, "Baba Alhaji, mece ce kalmar sirrin?"

Ya ce, "Ɗana, ni ina na sani? Yaron wajena ne ya buɗe mini."

"Yana ina yanzu?"

"Yana karatu a Maroua."

Aka kira shi, ya ce ai shekara da shekaru ke nan, ya manta. Na ce to ba komai, za su turo lamba ta layin da aka ɗaura. Da muka duba ƙarshen lambar da aka nuna, sai Alhaji ya yi shiru, can ya ce wannan ai layin Kamaru ne, wanda ya riƙe lokacin da suke zaune a Garoua-Boulaï. Duk wanda ya san 2014 a garin nan ya san abin da ya kai mutanenmu can da Chadi, ba sai na tayar da shi ba. Da yawa a can suka buɗe akwatunansu da layukan can, da suka dawo suka sayi na nan, tsohon sim ɗin yana cikin wata jaka ko ya ɓace. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfanonin waya rufe shi suke yi, daga baya su sayar wa wani. Haka aka yi wa wayar Alhaji gyaran gangar Auzinawa: an je neman a buɗe akwati, an dawo ba akwatin ba wayar. Wayar dai an samu an buɗe daga baya. Akwatin da takardun shekara goma suke ciki har yau ana fama.

Ban ga laifin yaran nan masu gyara sosai ba, sana'arsu allo da batir da bakin caji ce, kuma sun iya. Falashin ne hanya mafi sauri a wurinsu, kai kuma ka ce kana sauri. Kai ne za ka ce masa: kada ka wanke, kada ka cire akwatina.

Don haka kafin a taɓa komai, gwada makullinka. Ari wayar ɗanka ko ta maiɗakinka, buɗe Chrome, shiga shafin sirri, wanda wayar Faransanci ke rubuta wa navigation privée, ka je mail.google.com ko shafin Yahoo, ka rubuta adireshinka da kalmarka da hannunka. Na ce wata wayar ne saboda taka za ta iya shigar da kai kai tsaye ba tambaya, ka zaci ka san kalmar alhali ba ka sani ba. In ka shiga, alhamdu lillahi, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ka tabbatar makulli na hannunka, kuma ga takardar da ake jira a Douala, tura ta yanzu, gyaran waya ya biyo baya a natse. Ka tuna ka fita daga akwatin in ka gama, musamman in a shagon intanet ne.

In kuwa ba ka shiga ba, to ka riƙe wayar nan mai ba ka haushi hannu bibbiyu, don ita kanta makulli ce. Muddin akwatin yana kanta, ko da manhajar imel ba ta buɗuwa, za ka iya shiga saitin waya, ka nemi Google, ka shiga kula da akwati, ɓangaren tsaro. Daga nan ake canza kalmar sirri, a sa layin da kake riƙe da shi yau, a ƙara imel na wani amintacce a gida. Google ya fi yarda da mutum in yana magana daga wayar da ya saba gani da wurin da ya saba gani. Ga mai tabbatarwa ta mataki biyu, a nan ne kuma za ka ciro lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Rubuta su a takarda, sa su inda kake sa fasfo. Mu da muke canza sim a kowace iyaka, yau Bangui, gobe Douala, jibi Kano, waɗannan lambobin sun fi mana amfani fiye da mai zaman gari ɗaya. Hajiyoyi, wannan har da ku: in Alhaji ko yaro ne ya buɗe miki, a zauna yau a rubuta.

To, makulli ya samu. Yanzu a duba yaron aiken.

Fara da kashe wayar gaba ɗaya ka kunna. Kada ka raina, akwai waɗanda sai su yi wata ba su kashe ba, kuma sau da yawa nan maganar take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, duba cikin wayar ko ya cika. Wannan shi ne ciwon da na fi gani. Ƙananan wayoyin da muka fi saye masu giga 16 ko 32 ne, rabi tsarin wayar ya riga ya cinye, sauran kuma bidiyon biki da wa'azi da hotunan barka da Juma'a daga rukuni ashirin sun cika shi maƙil. Manhajar imel tana bukatar ɗan fili da za ta shimfiɗa abin da ta ɗauko, kamar yadda ba ka iya warware bandir a shagon da ba wurin taka ƙafa. In ta rasa sai ta faɗi. Shiga WhatsApp, saiti, wurin kula da ma'adana, zai jero maka manyan bidiyoyi daga sama. Share har sai ka samu sarari ko da giga 2 ne. Ka kuma hana shi sauke bidiyo da kansa, za ka ga har datarka ta ƙara auki.

Daga nan sai saitin waya, jerin manhajoji, ka zaɓi ta imel ɗin, ka shiga ma'adanarta. Maɓalli biyu za ka gani kusa da juna, kuma a nan ake kuskure. Na farko Vider le cache, a wayar Turanci Clear cache. Wannan share tarkace ne kawai, danna shi ba fargaba. Na biyu Effacer les données, ko Clear data, wasu wayoyin suna ɗan canza lafazin. Shi wannan yana mayar da manhajar kamar yau aka saka ta. Wasiƙun da ke sito ba ya taɓa su, amma wadda ka rubuta ba ta kai ga tafiya ba za ta iya salwanta, kuma a manhajar Yahoo ko Outlook zai fitar da kai, sai ka sake shiga da kalmar sirri. Ka ga dalilin da ya sa muka fara da makulli.

Sai maganar sabuntawa, wadda na san ba a so saboda tsadar data. Kusan kowa a nan ya kashe sabuntawa ta kai-da-kai, ni ma ban ce a kunna ba. Amma a samu rana ɗaya a wata, a wurin da akwai wifi ko da daren da aka sayi data mai rahusa, a shiga Play Store a sabunta abu uku: manhajar imel ɗin, Chrome, da wani da ake kira Android System WebView. Wannan na ukun ba shi da hoto a fuskar waya, shi ya sa ba a san shi ba, amma shi ne yake zana wa manhajoji shafi, har da cikin wasiƙar da kake karantawa. In ya samu matsala, duk masu dogaro da shi faɗuwa suke. An ga haka a ranakun 22 da 23 ga Maris 2021, lokacin da wani sabon zubinsa ya fito da aibi, Gmail da Yahoo da Outlook da manhajojin bankuna suka riƙa mutuwa a wayoyin Android a duniya baki ɗaya. Google ya fitar da gyara cikin sa'o'i, maganin kuma bai wuce a sabunta WebView da Chrome ba. Abin lura a nan: in ka ga taka tana yi, ta maƙwabcin shago tana yi, ta mai shayi ma tana yi, duk a rana ɗaya, to ba daga wayarka ba ne. Kada ka biya kowa ko dala. Yi amfani da Chrome ka jira.

Akasin haka ma yana faruwa, wato manhaja ta fara faɗuwa daidai bayan an sabunta ta. In Gmail ne da ya zo tare da wayar, a shafinsa na saiti akwai ɗigo uku a sama, ciki akwai cire sabuntawa. Ya koma na asali, ka sake sabuntawa daga Play Store.

Na ce daga Play Store da gangan. Ɗabi'ar nan ta "turo mini ta Xender" tana da daɗi ga waƙa da bidiyo, amma manhajar da aka kwafo daga wata waya an ɗinka ta ne daidai jikin waccan, ba lalle ta zauna a taka ba. Balle wadda aka sauko da ita daga wani shafi da ba a san mai shi ba, ka kuma zuba mata kalmar sirrin akwatin da bankinka ke turo wa saƙo. Haka nan manhajojin da ke cewa suna wanke waya, suna ƙara mata gudu, suna sanyaya batir. Yawancinsu talla suke zubawa, kuma aikinsu kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage, har da ta imel. Cire su.

Akwai kuma wayar da ta tsufa kawai. Google ya daina tallafa wa Android 4.4 a 2023, ya bar Android 5 a 2024. In taka tana nan, duk dabarar da za a yi ta ɗan lokaci ce. Karanta ta Chrome kafin Allah ya hore wata.

Abu biyu suna kama da wannan ciwo amma ba shi ba ne, bari in raba su. Ɗaya, manhaja tana buɗuwa lafiya amma sabon saƙo ba ya shigowa, masu turo maka suna cewa yana dawo musu. Wannan sito ne ya cika, ba waya ba. Giga 15 Google yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 hotunan da waya ke ɗorawa suke shiga lissafin, daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shigo. Sai ka rage can. Na biyu, agogon waya. In batir ya mutu murus ko an cire shi, wata wayar takan koma wata shekara ta daban, kuma in kwanan wata bai daidaita ba, ba za ta gaisa da kwamfutocin kamfanin ba. Sa shi ya riƙa saita kansa. Af, ga na uku ga masu zuwa sari: in ka sauka Guangzhou ka ga Gmail ya ƙi motsi, lafiyar wayarka ƙalau, China ce ta toshe shi tun ƙarshen 2014. Sauke takardun da za ka bukata cikin waya tun kafin ka hau jirgi.

Masu kwamfuta a shago ko ofis, ku naku da ɗan bambanci, kuma a nan maganata ta farko tana iya juyewa. Outlook yana ɗauko wasiƙa ta hanya biyu. In an saita shi da IMAP, asalin yana can sito, kwafi ne a kwamfutarka. In kuwa da POP aka saita shi, kamar yadda ake yawan yi a da, musamman ga akwatin da ke ɗauke da sunan kamfaninka, to yana iya kwaso wasiƙun ya share na can, ya zama duk duniya ba su da wani wuri sai fayil guda a kwamfutarka mai ƙarewa da .pst. Ranar da aka yi wa kwamfutar nan fomat ba a kwafe shi ba, shi ke nan. Yawanci yana cikin Documents, a jakar Fichiers Outlook ko Outlook Files. Rufe Outlook, kwafe fayil ɗin a filas, sannan a fara maganar gyara.

Shi wannan fayil ba ya son ɗaukewar wuta. In Outlook yana cikin rubutu a kansa wuta ta tafi, ko aka juya zuwa janareta kwamfutar ta mutu, yakan samu rauni, daga nan sai ya riƙa maƙalewa ko ya rufe da an buɗe. Mu nan mun san yadda wutarmu take, ba sai an faɗa ba. Wanda batirin laftof ɗinsa ya mutu yake aiki da ita a jone kamar talabijin, ya sayi batir, ya fi masa arha. Don gano inda ciwon yake, danne maɓallin Ctrl ka riƙe sannan ka buɗe Outlook, zai tambaye ka ko ya tashi a yanayin kariya, ka ce e. In ya zauna lafiya a haka, to wani ƙari ne da aka liƙa masa yake kayar da shi, sau da yawa na manhajar kashe ƙwayar cuta ko na PDF, sai a kashe su ɗaya bayan ɗaya. In a hakan ma ya faɗi, akwai ɗan kayan gyara da ke zuwa tare da Office mai suna scanpst, a nuna masa fayil ɗin ya duba ya ɗinke. Mai amfani da Thunderbird, Shift zai danne maimakon Ctrl.

Wani abin da ke shaƙe shi shi ne saƙo mai nauyi da ya tsaya a akwatin fita. Gmail da Yahoo ba sa ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a saƙo ɗaya. Mutum ya ɗauki hoton takardu shafi goma sha biyar da babbar kyamara ya liƙa, intanet kuma ga yadda take, sai manhajar ta yi ta kokawa da shi duk lokacin da aka buɗe. Cire intanet ɗin tukuna, buɗe, share saƙon daga akwatin fita, mayar da takardun PDF guda mara nauyi, sannan ka tura. Wannan har a waya yana faruwa.

In kuma tsohon Outlook ne yake ta tambayar kalmar sirrin Gmail kana sakawa yana ƙi, ba mantuwa ka yi ba. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina karɓar tsofaffin manhajoji da kalmar sirri zalla. Ko a ciro masa kalma ta musamman daga ɓangaren tsaro na akwatin, ko a koma sabuwar manhaja. Windows 7 da har yanzu nake gani a wasu shagunan, Microsoft ya sallame shi tun Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da takardun kwantena suke ciki ta cancanci a yi mata wannan lissafin.

Hajiyar Ngaoundéré ta haɗa da tambayar yadda za ta raba akwatin kasuwa da na gida a waya ɗaya, wannan sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mai turo tambaya ya faɗi irin wayarsa, da manhajar, da abin da ta rubuta kafin ta rufe, in da hali ya ɗauki hoton allon. Kalmar sirri kuwa kada a turo mini, ko ni na tambaya.